Anya Sufeton Sikeli da Kujerar Bakin Taga

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da laƙabin Anya a shekara ta 1939, a wani gidan haya mai hawa biyu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta garinsu, a ɗaki na ƙarshe kusa da famfo. Mahaifinsa ma'aikacin tashar ne, shi ke auna kayan fasinjoji kafin a loda su, mahaifiyarsa kuwa tela ce mai keken ɗinki guda, wadda cutar agana ta bar wa tabo a fuska tun tana yarinya. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Bai yi mulki ba, bai tara dukiya ba. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a rubuta shi ne, ya shafe kusan rabin ƙarni yana musu da matarsa a kan tambaya ɗaya, wato ko ɗan Adam gaba yake yi ko zagaye kawai yake yi a wuri ɗaya, kuma ya rayu da yaƙinin cewa ranar da musun ya ƙare, ranar aurensa zai ƙare.

Laƙabin nan babbar yayarsa ce ta raɗa masa, ita da ta goya shi saboda mahaifiyarsu ba ta ɗaga kai daga keke. Tun yana ɗan shekara huɗu, duk abin da aka faɗa masa sai ya karkata kai ya ce, "Anya?" In an ce abinci ya kusa nuna, anya, in an ce jirgi zai iso da yamma, anya. Wata rana Yaya ta gaji ta ce masa, "Kai Auta, wallahi ko sunanka aka faɗa maka sai ka ce anya." Ya dube ta ya ce anya, gidan ya kwashe da dariya, kuma daga ranar sunansa na gaskiya ya fara ɓacewa har a bakin malamansa.

Daga mahaifinsa ya koyi abin da ya zama jigon rayuwarsa. A ofishin kaya na tashar akwai ƙaramin sikeli mai faranti biyu, kuma kowace safiya kafin a fara aiki mahaifin kan ɗora ƙunshi a dama da dutsen awo a hagu, sannan ya musanya su. Yakan ce wa ɗansa sikelin da ya tsaya daidai sau ɗaya bai faɗi komai ba, sai an juya kayan ya sake tsayawa daidai ake yarda da shi.

Karatunsa da fara aikinsa

Ya shiga makarantar firamare a 1946, ya wuce sakandare a 1953, daga nan ya sami gurbi a kwalejin fasaha inda ya karanci aikin ma'aunai, ya kammala a 1961 da sakamako mai kyau da kuma shaidar shugaban kwalejin cewa ɗalibi ne mai hazaƙa amma mai gajiyar da malami. A waɗannan shekaru ne ya bar addini, ba da hayaniya ba, ba kuma don wani ya ɓata masa rai ba. Ya ce ya auna ya sake aunawa bai sami abin da zai riƙe ba. Wannan tarihi ba alƙali ba ne, abin da ya faru kawai yake kawowa. Yaya ce mutum ta farko da ya gaya wa, alhali mace ce mai ibada ƙwarai. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta share hawaye ta ce za ta ci gaba da yi masa addu'a ko yana so ko ba ya so, kuma in ya kuskura ya ce anya sai ta fasa masa kai da cokalin miya. Bai ce ba, suka ci gaba da zumunci har ƙarshen rayuwarta.

A watan Satumba na 1961 aka ɗauke shi aiki a ofishin awo na birni a matsayin ƙaramin sufeto. Kayan aikinsa su ne akwatin katako mai ɗauke da duwatsun awo na tagulla, da filaya ta matse hatimin dalma a jikin sikelin da ya ci jarrabawa, da keke wanda daga baya ya zama babur. Ya zaga mahauta da kantuna da gidajen mai da shagunan maƙeran zinariya, ya ga sikeli ya tashi daga mai faranti zuwa mai allura, daga mai allura zuwa na lantarki. Ya kuma ga ha'inci yana biye da shi ƙafa da ƙafa: wanda a da yake liƙa ɗanko a ƙarƙashin faranti, ɗansa ya koyi liƙa maganaɗisu, jikansa ya koyi taɓa waya a cikin na'ura. Daga nan ya samo maganar da ya yi ta maimaitawa har abokai suka haddace, cewa an gyara sikeli amma ba a gyara yatsan da ke danna shi ba.

Majalisar Asabar

A shekarar 1964 wani mai sayar da tsofaffin littattafai ya gayyace shi ɗakin bayan kantinsa, inda wasu mutane kan taru kowace Asabar da yamma su sha shayi su yi muhawara. Dukkansu mulhidai ne, wato waɗanda ba su yi imani da samuwar Allah ba: akwai malaman makaranta, da mai haɗa magunguna, da wani direban babbar mota da ke karanta jarida tun daga kanun labarai har tallan sabulu. Wanda ya yi tsammanin mutanen da suka yi ittifaƙi a kan babbar tambaya irin wannan za su zauna lafiya da juna, bai san su ba. Lokacin da sauran jama'a ke bai wa ibada, su musu suke bai wa.

Jagoran masu rinjaye wani malamin lissafi ne da ake kira Tilas, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. A ganinsa ci gaban ɗan Adam tilas ne kamar yadda biyu da biyu ke ba da huɗu: ilimi zai yaɗu, hankali zai yi mulki, kuma kafin ƙarnin ya ƙare yaƙi da jahilci da zalunci za su zama labarin da ake ba yara. Ɓangaren adawa kuwa mutum ɗaya ne tak, Anya. Hujjarsa ita ce ilimi yana taruwa, domin ɗa na iya ɗora lissafi daga inda uba ya tsaya, amma hali ba ya taruwa, kowane jariri daga sifili yake farawa da son kansa da fushinsa sababbi ful. Yakan ce musu, "Kun ce kun daina imani da gaibu, sai ga shi kun ɗauko aljanna kun canza mata suna kun ce gobe. Wa ya je goben ya dawo ya ba ku labari?" Su kuma su ce masa ya mayar da yanke ƙauna addini, shi ne limami shi ne mamu.

A 1965, bayan wata Asabar da aka yi jifa da kofin shayi har ya sami mai kantin da bai ce uffan ba, Anya ya kawo shawarar da ya aro daga sikelin mahaifinsa. A ɗakin akwai kujeru biyu masu hannu, ɗaya a bakin taga inda mai cewa ana ci gaba ke zama, ɗaya a jikin bango inda shi yake zama. Ya ce daga yau babu wanda zai mayar wa abokin musunsa martani sai sun musanya kujera, ya faɗi hujjar abokin da bakinsa, da kyau ba da gatse ba, kuma ba zai tashi ba sai mai kujerar ya ce, "Haka nake nufi." Aka amince, aka sa wa abin suna dokar kujera. Musu bai ragu ba ko kaɗan, amma ba a sake fasa kofi ba.

Aurensa

A 1966 Tilas ya zo majalisa da budurwar da zai aura, ma'aikaciyar jinya a ɗakin tiyata, ita ke yi wa marasa lafiya allurar barci. Ana kiranta Gaba-Dai, domin kowane irin mugun labari aka kawo mata, in ta gama jimami sai ta tafa hannu ta ce gaba dai. Ita ma ta bakin taga ce, amma ba irin Tilas ba. Ba ta ce ci gaba tilas ne ba, ta ce dai tana ganinsa da idonta kullum. "Kakata da za a cire mata haƙori, ƙarti uku suka danne ta," in ji ta a zamanta na farko. "Yau ni kaɗai nake tsayawa a kan mutum, a buɗe masa ciki a ɗinke, ya farka yana tambaya ko an fara. Malam, in wannan ba gaba ba ne, ina ne?" Kafin ta rufe baki Tilas ya ce haka ne. Anya ya karkata kai ya faɗi kalmarsa, dokar kujera ta hau kansa, Gaba-Dai kuwa ta riƙe shi a kujerar taga har shayi ya huce aka dafa wani, tana ce masa a'a, sake dai, ba haka na ce ba. Mahalarta sun shaida cewa ba su taɓa ganin mutum yana shan wahala da fara'a irin ta ranar ba.

A 1967 ta mayar wa Tilas zobensa a cikin ambulan ɗin magani, ta ce masa shi mutumin kirki ne amma ita miji take nema ba amsa-kuwwa ba. An ƙulla aurenta da Anya a ofishin rajista a watan Maris na 1968. Yaya ta halarta tana addu'a ƙasa-ƙasa, Tilas ma ya zo, ya ce tun farko ya san tilas haka za ta faru. A wajen liyafa amarya ta nuna ango da cokali a gaban jama'a ta ce, "Ka ji sharaɗina. Ranar da ka fara ce mini haka ne, ranar zan bar maka gidanka. Ka dai ga abin da ya sami wancan." Kowa ya yi dariya ban da ango. Shi ya ga ambulan ɗin maganin da idonsa, kuma yana son matar nan so mai tsanani, don haka ya ɗauki maganar da gaske ya adana ta.

'Ya'yansa da zaman gidansa

Sun zauna a gida mai ɗaki uku a saman wani shagon gyaran rediyo, inda suka sami 'ya'ya huɗu tsakanin 1969 da 1979, abin da Yaya ta kira albarka, Gaba-Dai ta kira ci gaba, Anya ya kira ƙarin mutum huɗu da za su fara daga sifili. Yana kiran matarsa Sista kamar yadda ake kiranta a asibiti, ita kuma tana ce masa Sufeto, in ya ɓata mata rai ya koma Malam Anya. A 1976 tsufa ya sa mai littattafai ya rufe kanti, ya ba su kujerun nan biyu, majalisa ta koma falonsu. Aka ajiye ɗaya a bakin tagar da ke kallon tashar bas, ɗaya a jikin bango kusa da kalanda, kuma yaran suka tashi har faɗan wa zai wanke kwanuka a kansu ake yin sa.

A 1980, da aka ba da sanarwar an kawar da cutar agana daga duniya, Gaba-Dai ta hau bene da jarida a hannu tana rawa da fararen kayan aikinta. Anya ya karanta, ya tuna fuskar mahaifiyarsa, ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito da jajayen idanu ya ce sabulu ne. Sannan ya zauna a jikin bango ya ce shi bai taɓa musun allura ba, ai allura ilimi ce. "Sista, hali nake tambaya. Ki nuna mini ɗabi'a ɗaya mai kyau da ta yi tafiya da ƙafarta, ba da sandar hukuma ba, ba da tsoron azaba ba, daga waɗanda suka fara ta zuwa waɗanda ba su taɓa jin labarinsu ba. Ranar zan sallama." Ta nuna masa yaran, ya ce wannan tsoron uwarsu ne. Ta jefe shi da filo ta ce ya jira.

A 1989 ɗansu na biyu ya sanar cewa ya rungumi addini a hannun gwaggonsa, 'yan majalisa suka zuba ido su ga yadda Sufeto zai yi. Ya musanya kujera da ɗan nasa, ya kawo hujjojin masu imani ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi da tsari, har saurayin ya ce, "Haka nake nufi, Baba." Yaya da ke saurare daga kicin ta fito a guje tana murna addu'arta ta karɓu, sai da aka zaunar da ita aka yi mata bayanin dokar. Babu wanda ya canza ra'ayi a ranar, babu kuma wanda ya bar gidan, aka ci abinci tare.

Abin da ya gani a kasuwar kifi

A watan Yuni na 1991, lokacin ya zama babban sufeto, aiki ya kai shi wata kasuwar kifi a can ɗaya ƙarshen birnin. Yana cikin jera duwatsunsa a kan wani sikeli sai faɗa ya kaure tsakanin mata biyu maƙwabtan rumfa, saboda ruwan ƙanƙarar ɗaya yana gangarowa ƙarƙashin teburin ɗayar. Shugabar 'yan kasuwar, wata dattijuwa mai takalmin roba har gwiwa, ta iso ta daka musu tsawa ta ce, "Ku musanya benci." Suka musanya suna hararar juna. Mai ƙanƙarar ta ce da ƙyar, "Cewa take yi tun safe ƙafarta a ruwa take, ga ta da ciwon sanyi, kuma ta yi mini magana na share ta." Ɗayar ta ce, "Ba ki faɗi masu sayen da ke zamewa ba." Ta faɗa. Sai matar ta sauke numfashi ta ce, "Haka nake nufi." Daga nan ita ma ta faɗi uzurin maƙwabciyarta, kuma kafin a jima wani ya samo guntun tiyo aka juya ruwan zuwa kwata.

Anya yana tsaye da dutsen awo a hannu. Ya ce wa dattijuwar, "Inna, wa ya koya muku wannan?" Ta ce, "Haka muka tarar, ranka ya daɗe. Wasu sun ce a wajen direbobin da ke kawo mana kaya aka gani, su kuma ban san inda suka samo ba. Lafiya? Ko dokarku ta hana?" Ya ce ba ta hana ba. Ya tuna direban nan mai karatun jarida, wanda ya rasu shekaru da dama kafin nan. Matan nan ba sa gama jimla ba su ambaci Allah ba, kuma ko a mafarki ba su san daga ɗakin mulhidai abin ya fito ba. Ranar ya bar kasuwar bai matse hatimi ba, kuskuren da bai taɓa yi ba tun da ya fara aiki, ya hau benen gidansa yana warin kifi yana fito.

A tsakiyar matakala fiton ya tsaya, domin ya fahimci ya shiga uku ta fuska biyu. Ta farko, ya san sarai kasuwa ɗaya ba hujja ba ce, ko ƙaramin sufeto ba zai yanke hukunci da awo ɗaya ba, amma ga shi zuciyarsa ta riga ta yarda ba ta nemi izininsa ba. Cutar da ya daɗe yana zargin matarsa da ita, wato imani kafin dalili ya cika, ita ce ta kama shi. Ta biyu kuwa, in ya faɗa wa matarsa, ya ce mata haka ne ke nan. Ya ji tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a gaban mahautan da suka taɓa zare masa wuƙa. Ya shiga gida ya ce kasuwar nan cike take da ɓarayi.

Shekarun ɓoyo

Daga 1991 Anya ya zama mai tsaron kujerar da bai yarda da ita ba. Kowace safiya yakan bi jarida yana tsintar miyagun labarai don ya sami na faɗa ranar Asabar, kuma duniya ba ta taɓa yi masa rowarsu ba. Sai dai in an musanya kujera ya koma bakin taga, hujjar Gaba-Dai kan fito daga bakinsa da wani irin armashi, in ta sallame shi kuma yakan yi nawa wajen tashi, ya ɗora laifin a kan gwiwa. Yaya ta rasu a 1995. Ya yi ritaya a 1999, amma ya ci gaba da zuwa ofis yana koya wa sababbin sufetoci juya kaya a kan faranti, aikin da mai yanke ƙauna na gaskiya ba zai ɓata takalminsa a kai ba.

Mafi ban dariya cikin wahalhalunsa ta zo ne a shekara ta 2000. Ƙarni ya ƙare, yaƙi da jahilci suna nan daram, sai ga Tilas ya hau bene yana haki, ya kama hannunsa ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi gaskiya, haka ne. Tilas mu lalace." Anya ya karɓi nasarar da ya daina so, ya zuba masa shayi, ya rasa bakin lallashinsa don Gaba-Dai na zaune tana kallo. Tilas ya rasu a 2008, sauran 'yan majalisa ma suka bi ɗaya bayan ɗaya, har Asabar ta zama ta mutum biyu.

Asabar ɗin da ya ƙi tashi

A 2013 likita ya shaida masa cewa zuciyarsa ta yi rauni, ya daina hawa bene da sauri ya kuma shirya al'amuransa. Abin da ya dame shi ba mutuwar ba ce. Ya ga cewa shi da ya shafe rayuwa yana kama masu danna sikeli, shekaru ke nan yatsansa na kan nasa. Asabar ta gaba aka musanya kujera kamar kullum, ita a bango shi a taga. Ya ce ci gaba ba tilas ba ne, kuma babu lissafin da ya tabbatar da shi. Ya ce gaskiya ne kowane jariri daga sifili yake farawa, amma ba a fankon ɗaki yake farawa ba, yakan tarar da abubuwan da waɗansu suka ajiye masa, allura da haruffa da 'yan hanyoyin zama da juna, kuma in an yi sa'a ya ƙara ɗaya kafin ya fita. Gaba-Dai ta ce haka take nufi. Bai motsa ba.

"Sufeto, na ce haka nake nufi. Tashi ka ba ni kujerata."

"Ba zan tashi ba, Sista."

"Gwiwar ce?"

Ya ce ba gwiwar ba ce. Ya kwashe labarin kasuwar kifi ya ba ta, da dattijuwar da benci da tiyo, bai ɗaga ido ba har ya gama. Sannan ya ce, "Haka ne, kin yi gaskiya. In tafiyar za ki yi, ki bari a kira babbar 'yarki ta taya ki haɗa kaya, bayanki ba zai iya ba."

Ta yi dariya har ta sarƙe, sai da ya miƙa mata ruwa. "Kai, Malam Anya! Tun ranar da ka shigo kana warin kifi na san an yi wani abu. Ina jin fitonka tun daga ƙasa, mutumin da ko ranar aurensa bai yi fito ba."

"Kin sani kika bar ni ina ta tsintar gobara a jarida?"

"To ina jin daɗin yadda kake faɗin nawa, ka fi ni iyawa. Wancan bawan, Tilas, kafin in rufe baki yake cewa haka ne, kai kuwa shekara ashirin da ɗoriya kana juya kayan. Ina za ni?" Ta gyara zama a kujerar bango, ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta karkata kai. "Amma tsaya tukuna. Kasuwa ɗaya, Sufeto? Mata biyu da guntun tiyo? Anya?"

Ba wasa take yi ba gaba ɗaya. Ta ce ita ma tana da nata da ta daɗe tana haɗiyewa: shekarun da ta yi a asibiti ta ga na'urori sun canza sau da yawa, amma tsawar da ake yi wa talaka a bakin ƙofa ita ce dai ta ranar da ta fara aiki. Daga wannan Asabar suka ci gaba da musu a kujerun juna. 'Ya'yansu sun shaida cewa waɗannan ne shekarun da suka fi ganin mahaifinsu cikin nishaɗi; ya zama mai kyakkyawan fata har abin ya ishi mutane, yana tare maƙwabta a matakala yana yi musu albishir, tana binsa a baya tana cewa kada su kula shi, tsufa ne.

Rasuwarsa da zuriyarsa

Anya ya rasu a gidansa ranar wata Talata da hantsi, a watan Nuwamba na 2017, yana da shekara saba'in da takwas, matarsa na riƙe da hannunsa. An binne shi washegari a maƙabartar birni. Ɗansa na biyu ya tsaya gefe da abokansa ya yi wa mahaifinsa addu'a, sauran iyali da sufetocin da ya koyar suka tsaya shiru, kuma babu ɓangaren da ya ga laifin ɗayan.

Ya bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa, injiniyar ruwa, ɗansa na biyu, malamin addini kuma mai sulhunta ma'aurata, wanda aka ce yana ajiye kujeru biyu a ofishinsa, 'yarsa ta uku, lauya, da autansa, wanda ya karɓi shagon gyaran rediyon da ke ƙasan gidansu ya mayar da shi na gyaran waya. Ya bar jikoki tara.

Ya kuma bar matarsa Gaba-Dai. Asabar ta farko bayan jana'iza ta dafa shayi kofi biyu, ta tashi daga jikin bango ta koma bakin taga kamar yadda doka ta tanada, ta faɗi hujjar mijinta da ƙarfi daga farko har ƙarshe, da kyau ba da gatse ba, sannan ta saurara. Har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi a kujerar take zama, tana kallon masu hawa bas. In 'ya'yanta suka tambaye ta yaushe za ta koma ta bango, takan yi dariya ta ce, "Ai babanku bai sallame ni ba tukuna."